Gwaggo, Kunkurunta da Muciyar Neman Rezo

Duk wadda ta taɓa yin kiran bidiyo da Gwaggo ta san saman ɗankwalinta fiye da yadda ta san fuskarta. Ƙarya nake yi? Za ki ɗaga waya ki ga sama, ki ga gajimare, can ƙasa ki hango ƙullin ɗankwali shuɗi yana motsi, sai ki ji murya tana tasowa kamar daga cikin rijiya: "Kina jina? Tsaya in matsa gaba kaɗan, yana nan." Dalili kuwa, wayar tana ɗaure da robar gashi a kan muciya, muciyar kuma ta zura ta ta 'yar tagar da ke rufin motarta, tana juya ta hagu da dama kamar mai tuƙin tuwo a sararin samaniya. Rezo take nema, abin da mu 'yan Kano muke cewa sabis.

Hajiya Balki ta ce kowacce a guruf ɗinmu ta rubuto abin da ta tuna kafin sadakar arba'in. Ni ba gwanar rubutu ba ce, ga Sadik a kan cinyata yana jan wayar, to ku yi haƙuri da ni. Amma gara in faɗa tun farko: na so matar nan, kuma duk faɗin New York ba wanda ya taɓa sa ni kishi kamar ita.

Ga waɗanda suka zo kwanan nan, Gwaggo ƙanwar mahaifin maigidana ce, 'yar Maradi, ta daɗe a ƙasar nan tun kafin a kawo ni. Turaren wuta take sayarwa, da man kaɗanya da atamfa. Da mijinta ya rasu sai ta saki ɗakin haya, ta sayi tsohuwar motar nan mai ɗaki a ciki, da gado da murhu da banɗaki, irin wadda tsofaffin Turawa ke yawo da ita. Lokacin zafi tana bin kasuwannin bikin 'yan Afirka daga wannan jiha zuwa waccan. In sanyi ya shigo ta dawo ta kafe ta a titin Grand Concourse, nan Bronx, daidai ƙarƙashin tagoginmu. Yaran gini suka sa wa motar suna Kunkuru, don tana ɗauke da gidanta kuma ko mai keke yana wuce ta. Gwaggo ta ji sunan ta ce ya yi, ta riƙe.

Abu ɗaya ne ta rantse ba za ta taɓa biya ba, shi ne intanet. Maigidana, Baban Sadik, ya yi magana har ya gaji.

"Gwaggo, kina hanya ke kaɗai, ki sa data a wayar nan mana."

"Haya na daina biya, sai in koma biyan iska? Abin yana yawo a sama, kowa na shaƙa. Wurin tsayawa kawai mutum za ya sani."

Kuma ta san wurin tsayawa. Lambar wayifai ta kowane gida a ginin namu tana kanta, matar da ba ta iya riƙe lambar wayarta ba! In ta shigo gidanki, sallama, gaisuwa, ya yara, sai ta leƙa bayan talabijin inda ɗan akwatin yake, kamar mai duba jariri. Maman Blessing, nas ɗin nan 'yar Jos da ke hawa na biyu, ita ce tagarta ta fi kusa da inda Kunkuru ke kwana. Wata rana ɗanta ya canza lambar, wai intanet ɗinsu ya yi nauyi. Kafin azahar sai ga Gwaggo a bakin ƙofa da kwanon dambu a rufe.

"Maman Bilesin, lahiya dai? Rasuwa anka yi?"

"A'a Mama, me kika gani?"

"Na ga an kulle gida ba a sanar da maƙwabta ba."

Maman Blessing ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kira yaron ya karanto sabuwar lambar. Gwaggo ta saurara, ta girgiza kai.

"Wagga ta yi tsawo. Mayar da ta da."

Wallahi aka mayar! Ta jira aka juye dambun, ta karɓi kwanonta, ta ce da yaron, "In za ka sake, ka sauko mu yi shawara."

Sai ranar mai tikiti. Kun san ranar sharar titi dole kowa ya janye motarsa, ko a rubuta masa tikitin tara. Gwaggo tana tsakiyar aika saƙon murya Maradi, irin saƙonta da ke farawa da gaida unguwa gida-gida, abin yana ta juyawa ya ƙi tafiya. Sai ga ma'aikacin tikiti, wani dogon saurayi, ya ƙwanƙwasa gilashi. Ni ina taga ina kallo, ina jiran in ga yadda za su kwashe, don Turancin Gwaggo bai cika tafin hannu ba, rabinsa ma farashin kaya ne. Ta fito, ta dube shi daga takalmi har hula.

"Masha Allahu, tsawo! Riƙe mini nan, ɗana."

Ta danƙa masa muciyar, ta kama gwiwar hannunsa ta tura sama. Bawan Allah ya tsaya a kan titi, na'urar tikiti a hannu ɗaya, muciya a ɗaya, yana waige-waige ko wani zai yi masa bayani. Can wayar ta yi ƙara, saƙo ya tafi. Ta karɓe kayanta.

"Allah shi yi albarka. Gobe ma ka biyo ta nan."

Ta shiga ta ja Kunkuru a hankali. Shi kuma ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Tikitin ma ya manta.

Duk wannan na yi dariya tare da ku. Inda abin ya daina ba ni dariya shi ne a kan yarinyar nan.

'Yata ta fari sunan Gwaggo aka sa mata. To ku duba halin da nake ciki: 'yar fari ce, sunan kuma na surukata. Ko a mafarki bakina bai taɓa kama sunan nan ba. Haka na ga uwata ta yi da Yayanmu, haka kakata ta yi da ita. "Ke" nake ce mata, in ana maganarta in ce "yarinyar nan". Babanta yana ce mata Ƙarama. Ba na ɗaukarta a gaban mutane, ba na yabonta. In ta faɗi a gaban baƙi sai in kau da kai, zuciyata tana tafasa, in jira wata ta ɗaga ta. Sadik kuwa, da yake na biyu ne, ina goya shi, ina yi masa waƙa, ina kiran sunansa har maƙwabta su gaji.

Gwaggo ba ta da wannan takunkumin. Daga ta leƙo ta tagar Kunkuru ta ce, "Takwarata! Taho nan!" sai yarinya ta fizge hannunta daga nawa ta ruga. Ni in na yi mata Hausa da Turanci take amsawa, in ma ta amsa kenan. In na tuƙa tuwo ta ce ba ta ci, wai yana manne mata a hannu. Wata rana na leƙa Kunkuru na same ta ta naɗe ƙafa tana suɗe kwano. Tuwon nan nawa ne fa! Ni na aiko da shi!

Bara, da aka ba su dogon hutu, Gwaggo ta hawo sama ta zauna a falonmu. Ta sha shayi, ta ajiye kofi, ta ce da Baban Sadik, ba ma da ni ba:

"Zan tahi da takwarata wanga zagayen. Ta ga ƙasa, ta koyi ciniki."

"To Gwaggo, ai taki ce," in ji shi. Ko kallona bai yi ba.

Sai ta juyo. Har ta rasu amarya take ce mini, ko da na yi 'ya'ya biyu. "Ke kuma amarya, kina da magana?"

Me zan ce? Uwa ta buɗe baki a kan 'yar fari? Na ce, "Ni ina ruwana, Gwaggo. Ku tafi da ita ma in huta." Na shiga kicin na yi ta yankan albasar da ba na buƙata.

Motar da ta girme ni. Tsohuwa mai ciwon gwiwa. Hanyoyin da ban san sunansu ba, a ƙasar da kowace rana labarai ke kawo wani abin tsoro. Yarinyar da ko makaranta ta tafi sai na tsaya a bakin ƙofa na ga ta shige. Na kasa barci, na kasa faɗa. Maman Blessing ce ta lura, ta raka ni shagon waya muka sayo ɗan akwatin nan da ake tafiya da shi, mai ba da intanet a ko'ina, aka biya na duk hutun. Na kai wa Gwaggo ranar tafiya, na ce Baban Sadik ne ya ce a kawo, don a riƙa jin lafiyar motar.

"Lahiyar motar," in ji ta, tana kallona ta saman tabarau. "Awo. Mota na da masoya."

"An riga an biya, Gwaggo. Nan kawai za ki danna."

"An biya? To madalla." Ta naɗe shi a tsumma, ta buɗe gwangwanin daddawa, ta tura shi ciki ta rufe.

"Gwaggo, ai kunnawa ake yi!"

"In na kunna ba ƙarewa za ya yi ba? Abin da anka biya ai adana shi ake. Na kyauta za mu fara ci."

Haka suka tafi. Yarinyar nan tana gaba a ɗaure da bel, tana ɗaga wa babanta hannu. Ni ina bayansa da Sadik a goye, ina yi kamar igiyar shanya nake dubawa.

Kira yana zuwa ne lokacin da Allah ya nufa: daga bayan laburare, daga fakin ɗin gidan cin abinci, daga gefen wurin wanki a wani gari da ko Baban Sadik bai taɓa jin sunansa ba. Wayata ba ta barin hannuna, har banɗaki. Da ta yi ƙara in zabura, in ga sama da ɗankwali.

"Amarya! Kina jina?"

"Ina ji, Gwaggo. Ya hanya?"

"Hanya lahiya."

"Ya... ya motar?"

"Mota ta ci ta ƙoshi. Bari in nuna miki."

Sai ta sauko da muciyar ta zagaya da ni. Ga taya. Ga ɗaya tayar. Ga tukunya a kan murhu. Ga shanun wani Bature a bayan shinge. Can gefe ina jin dariyar yarinyar nan, ina hango bakin jar rigarta, da na ce yanzu za a juyo sai hoto ya daskare a kan saniya. In zauna ina kallon saniyar nan har allon ya mutu. Saniya ma ta fi ni sa'a, ita tana ganinta.

Rana ɗaya yarinyar ta gifta ta gaban wayar, na gan ta sosai. An tsefe kitson da na ɓata yini guda ina yi mata, an yi wani irin na Maradi. Gwaggo ta kira ta daga baya, sai na ji ta amsa, "Awo Gwaggo, ina tahowa!" Hausa tsaf, ba gargada. Ni na haife ta, ni na yi jinyar haƙoranta, shekara da shekaru ina zuba mata Hausa a kunne, ashe tara wa wata nake yi. Ranar har Baban Sadik sai da ya sha masifa a kan takalmin da ya bari a ƙofa, bai san dalili ba.

Sai kuma labarin mai faranti. A wani sansani da masu irin motar nan ke kwana, mai wurin ya ce intanet sai an biya daban. Gwaggo ta ce ya riƙe abinsa. Tana zagaye da muciya sai ta ga waya ta kama, rezo cike, a gefen wata farar mota mai wani abu kamar faranti a kan rufi. Wasu tsofaffin Turawa ne, mata da miji, 'yan fansho. Ta soya ƙosai ta kai musu, takwararta ta yi tafinta, suka ba da lambar da murnarsu. Washegari suka tashi, Gwaggo ta tashi. Suka tsaya shan mai, ta tsaya. Suka karya kwana, ta karya.

"Gwaggo, yau kuna ina?"

"Wallahi ban sani ba, amarya. Inda mai faranti ya nufa."

"Ba Ohio kika ce za ki kai kaya ba?"

"Ohayo tana nan, ba ta gudu. Wanga rezo shi ke gudu."

Baban Sadik ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ni ban yi ba. 'Yata tana bin bayan motar mutanen da ko sunansu ban sani ba! Gwaggo har ta ɗaure tiren tangaran ɗinta a rufin Kunkuru, wai ko za ya koya in ya ga ɗan'uwansa. Kwanakin nan dai hoto ya fito tas, ba daskarewa. Kuma me na gani tas ɗin? Yarinyar nan a kan cinyar tsohuwar Baturiyar, an kafa mata malafa, ana ba ta wani abu da cokali. Kishin da nake yi da mutum ɗaya ya koma na mutum biyu.

Daga baya masu faranti suka yi yamma wurin jikokinsu, Gwaggo ta juyo ta hanyar duwatsu. Sai shiru.

Rana ta fito ta faɗi, ta sake fitowa, ba kira. In na kira ba ya shiga. Baban Sadik ya ce, "Gwaggo ce fa, ta fi mu sanin hanyar nan." Na zuba gishiri sau biyu a miya. Na sa wa Sadik riga a baibai. Na tsaya a tashar jirgin ƙasa mai lamba D, jirgi ya zo ya buɗe ya rufe ya tafi ina tsaye. Kuma ba wanda zan ce wa ina kewar 'yata, don ba a faɗa. Hajiya Balki ta tambaye ni labarin Ƙarama, na ce, "Oho mata, tana can." Na dawo gida na shiga ɗakinta na zauna ina shinshina filonta.

Ranar Asabar da hantsi ina wurin wankin nan na kusa da masallaci, wurin ya cika da mata, ga Hajiya Balki, ga Maman Blessing ta sauko daga aiki. Sai waya ta yi ƙara. Na ɗaga, kuma karo na farko a rayuwata ba ɗankwali na gani ba. Fuskar Gwaggo ce, tana gumi, tana haki, bayanta itatuwa da duwatsu.

"Amarya, saurara. Muna cikin duwatsu. Kunkuru ta yi zazzaɓi, wani makanike na dubawa. Ƙasa babu rezo ko ɗigo. Dutsen ga na hawo da gwiwar nan tawa, sai nan na samu sanda ɗaya ta rezo. Caji kuma ya yi ja. To mota dai ba lahiya, na gaya miki. Hanya lahiya. Ba a ruwa. Saura mi?"

Mata suka yi tsit, injinan wanki kawai ke juyawa.

"Kun... kun ci abinci?"

"Mun ci. Saura mi?"

"Gwiwar taki fa?"

"Ba gwiwata ta dame ki ba. In babu sauran magana zan sauka. Sai kuma in munka hita duwatsu, in Allah ya so."

Na ga yatsanta ya taho kan allon. Ban san lokacin da abin ya fito ba.

"Mariyama! Gwaggo, Mariyama fa? Mariyama nake son gani!"

A gaban Hajiya Balki. A gaban kowa. Sunan 'yar fari, sunan suruka, da ƙarfi, har matar da ke naɗe kaya can ƙarshen ɗaki ta waigo. Na ji kamar ɗankwalina ne ya faɗi a tsakiyar kasuwa.

Gwaggo ta gyara tabarau. "Na'am. Babba ko ƙarama?"

"Gwaggo, don Allah!"

Sai ta sauke wayar ƙasa kaɗan. Ashe yarinyar tana nan tun farko, a tsaye a gefenta, ta riƙe bakin zanenta, ƙura duk ta ɓata mata goshi. Ta kalle ni. Ba ta yi murmushi ba. Ta ce da Hausa, a hankali:

"Momi, ashe kin san sunana?"

Na ce, "Na sani mana, Mariyama. Na sani. Kin ci abinci? Ina takalminki na kirki? Wa ya ce ki hau dutse da silifa?"

Ta juya tana jan zanen Gwaggo. "Gwaggo, Gwaggo, ta sake faɗa!"

Sai allon ya yi baƙi. Caji ya ƙare.

Na tsaya da waya a hannu, na kasa ɗaga kai. Hajiya Balki ce ta fara magana. "To, yau mun ji da kunnenmu. Amurka ta gama da ke, 'yar nan." Tana faɗa tana share ido da safar wani da ta ɗauka a kan tebur.

Da suka dawo, na ɗauka Gwaggo za ta yi ta tsokanata a gaban jama'a. Ba ta yi ba. Ta kira ni cikin Kunkuru, ta aiki yarinyar sama ɗauko mata ruwa, ta tura mini gwangwanin man shanu na zauna a kai.

"Tun kafin mu hita Bronx ta tambaye ni. Ta ce, Gwaggo, mi ya sa Momi ta san sunan Sadik ba ta san nawa ba? Na ce mata kunya ce. Ta ce kunyar mi, ita mi ta yi?"

Na kau da kai ina kallon buhunan turare.

"Nawa na fari yana Maradi, da gemunshi. Ban taɓa kiran sunanshi ba. Amma shi can, kaka ta gaya mishi, inna ta gaya mishi, unguwa duk ta gaya mishi uwarshi na son shi. Ita wagga wa za ya gaya mata a nan? Jirgin D?"

Na ce, "To da gangan kika riƙa nuna mini shanu kenan?"

"Shanun ba su yi kyau ba?"

"Akwatin da na ba ki fa? Da kin kunna shi ai da ba ki hau dutse ba."

Ta buɗe gwangwanin daddawa ta nuna mini, tana alfahari. "Yana nan lahiya. Ko taɓa shi ban yi ba."

Sanyin bana ne ya kama mata ƙirji. Da aka kwantar da ita a asibiti, kafin a gama ɗaura mata ruwa ta tambayi lambar wayifai ta wurin. Aka ce mata babu lamba, kowa shiga yake yi kyauta. Ta dubi Baban Sadik ta ce, "To kada wanda ya yi mini gaggawar sallama." Muka yi dariya, muna zaton ai za ta tashi.

Ranar ƙarshe da na kai mata kunu, na tsaya a bakin ƙofa don na ji tana waya. Ta jingina wayar da kofi, ba muciya, fuska da fuska da ɗan nata na Maradi. Sun gama gaisuwar unguwa gida-gida. Sai ta daɗe tana kallonsa, sannan na ji ta ce, "Isuhu." Ba ta ƙara komai ba. Na hango gardi da gemunsa ya kifa kai a kan hannunsa. Na koma baya da kununa, na zauna a kan benci har suka gama.

Kun ga masu faranti ranar ta'aziyya, Mariyama ce ta sa babanta ya kira su. Suka taho da farar motarsu suka faka a bayan Kunkuru. Tsohon ya rubuta lambar intanet ɗinsu a kan kwali ya manna a gilashi, ya ce duk mai so ya shiga, shi dai ya san abin da Gwaggo za ta fara tambaya kenan. Hajiya Balki ta ce ba ta taɓa ganin irin wannan sadaka ba, amma ta karɓa, ta kira Damagaram. Akwatina kuma yana nan. Wa'adinsa ya ƙare tun tuni, sai warin daddawa.

Har yanzu ina jin kishinta, ba zan ɓoye muku ba. Mariyama tana amsa mini da Hausa yanzu, amma Hausar Maradi, ni Bakanuwa ana ce mini "awo" a cikin gidana. In na yi mata kitso ta taɓa ta ce na Gwaggo ya fi zama. Muciyar nan tana ƙarƙashin filonta, ta hana a taɓa. Jiya ina neman ɗan kunnena a ƙarƙashin gado, sai na ji ta a bayana tana cewa, "Momi, matsa gaba kaɗan, yana nan." Na matsa. Yana nan kuwa. Na daɗe a durƙushe ban fito ba.

Ba komai. Ni dai yanzu da yamma ta yi ina buɗe taga in ƙwala kiran sunanta har Grand Concourse ta amsa, mai jin kunya ya toshe kunnensa.

Allah ya jiƙan Mariyama babba, ya raya mini Mariyama ƙarama. Gwaggo, kin sha yawo da gwiwar nan taki. Allah ya yafe miki, ya haskaka makwancinki, ya sa inda kika tsaya yanzu ya zama wuri mai kyau, wanda ba sai kin sake matsawa gaba ba. Amin.